Faifan Birki da Dokar Milimita: Daga Le Mans Zuwa Tseren da Ya Ratsa Kano a 1974

A ƙasashen Turai akwai mutanen da babban abin sha'awarsu shi ne su nemo tsohuwar mota ta shekarun 1960 ko 1970, su kashe mata kuɗin da zai sayi sababbi biyu ko uku, sannan su kai ta gasar tseren tsofaffin motoci. Kafin a bar ta ta shiga, alƙalan duba mota na iya kwance taya su ɗora ma'auni a kan faifan birki, wato wannan ƙarfen mai kama da faranti da ke bayan taya, wanda kanikawanmu ke kira dis. Idan faɗinsa ya zarce abin da ke rubuce a takardar motar, ko da kaurin yatsa ɗaya ne, sai a ce wa mai ita ko ya canza shi ko ya koma gida. Lura fa, birkin lafiyarsa ƙalau. Laifinsa kawai ya fi na zamaninsa ƙarfi.

Na san abin da za ka ce, mai karatu. A nan wajenmu, daga Garo zuwa Kabo har Gwarzo, idan bakanike ya ce ya samo maka birkin da ya fi na asali kamawa, godiya za ka yi masa har da tukuici. To me zai sa mutane masu hankali su kafa dokar hana mota samun birki mai kyau? Amsar tana cikin lissafin zafi, tana kuma cikin tarihi. Wani yanki na tarihin nan ma ta Kano ya bi, don haka bari mu fara daga gida.

Shekarar da tseren duniya ya iso Kano

Irin tseren da muke magana a kai shi ake kira rali. Ba a fili ake zagayawa ba. Hanyoyin gari da na daji ake bi, kwalta da burji da yashi, ana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya, agogo ne alƙali. Kowace mota tana da direba da abokin tafiya mai karanta masa hanya daga littafi.

A shekarar 1974 Jamus ta Yamma ce ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa, kuma a Munich aka shirya wasan ƙarshe. Sai aka shirya wani dogon rali don tallata gasar. Motoci suka tashi daga Landan ranar 5 ga Mayu, da nufin su bi ta Faransa da Sifen, su tsallaka Maroko da Aljeriya, su keta Sahara, su ratsa Nijar ta Agadas, su taɓo Kano, sannan su juya arewa su koma Turai su ƙare a Munich ranar 25 ga wata. Kano ce makurar tafiyar ta kudu.

Motoci 70 aka yi wa rajista, amma hamada ta tace su. A Aljeriya, littafin hanya ya ce a juya a inda titi ya ƙare. Ashe tsakanin lokacin da aka rubuta littafin da ranar tseren an ƙara wa titin tsawo. Mafi yawan direbobi suka wuce mahaɗar, suka ɓace cikin rairayi. Motoci bakwai kacal suka iso Nijeriya, biyar ne suka cika dukan tafiyar ba tare da yanke ba, 19 kuma aka lissafa a cikin waɗanda suka gama. Wasu 'yan Ostireliya uku, Ken Tubman da Jim Reddiex da André Welinski, su suka yi nasara a cikin Citroën DS 23, da ratar da ta wuce kwana guda cur. Ta biyu da ta uku da ta huɗu duk Peugeot 504 ne, wato Fijon nan tamu, kuma mata biyu 'yan Faransa ne a cikin ta biyun, Christine Dacremont ce direba. Cikin waɗanda hamadar Aljeriya ta tsayar har da shahararren direban Ingila Stirling Moss, a cikin Mercedes.

Riƙe sunaye uku daga wannan labari: Stirling Moss, Citroën DS, da Peugeot 504. Dukansu suna da gurbi a tarihin faifan birki. Amma kafin nan, mene ne ainihin aikin birki?

Birki murhu ne

Duk abin da ke tafiya yana ɗauke da makamashin motsi. Lissafinsa shi ne rabin nauyi, sau gudu, sau gudu. Makamashi kuwa ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Idan ka taka birki, wasu 'yan takalma biyu suna matse faifan da ke juyawa tare da taya, gugar da ke tsakaninsu ta mayar da motsin ya koma zafi. Shafa tafukan hannunka da ƙarfi ka ji ɗumi, to shi ke nan aikin birki.

Bari mu saka lambobi. Mota mai nauyin kilo 1,200 da ke gudun kilomita 100 a awa tana ɗauke da makamashi kimanin kilojul 460. Wannan ya isa ya ɗauki ruwa lita ɗaya da rabi daga sanyin randa ya kai shi tafasa. Idan gudun ya kai 150, makamashin ya haura kilojul 1,000. Ka ga gudu ya ƙaru da rabi ne kawai, amma zafi ya ninka fiye da sau biyu, domin sau biyu gudun ke shiga lissafi. Duk wannan zafi kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi yake shiga ƙarfe.

Idan aka taka birki nauyin mota gaba yake rinjaya, shi ya sa tayoyin gaba ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na aikin. A ce faifan gaba guda biyu kowanne kilo 5 ne na baƙin ƙarfen zubi. Tsayawa ɗaya tak daga gudun 150 za ta ɗaga zafinsu da digiri 150 da 'yan kai. Sau ɗaya ba komai ba ne. Amma direban rali yakan taka birki da ƙarfi kwana bayan kwana, tun ƙarfen bai huce ba an ƙara masa wani. Daga nan abubuwa biyu kan faru. Na farko, takalman birki su yi zafin da zai sa su fara santsi, kana takawa mota tana tafiya. Na biyu, man birki ya tafasa. Sabon mai nau'in DOT 4 ana buƙatar ya jure aƙalla digiri 230 kafin ya tafasa, amma idan ya tsufa ya sha danshi yakan sauko wajen 155. Da ya tafasa sai kumfa ta cika bututu. Ruwa ba ya matsuwa, tururi kuwa yana matsuwa, sai ka ji ƙafarka ta kai ƙasa babu komai. Abin da direbobi ke cewa birki ya shanye ke nan.

Daga ganga zuwa faifai

Abin mamaki, birkin ganga da birkin faifai kusan tagwaye ne. A 1902 Louis Renault na Faransa ya fito da birkin ganga, wanda kanikawa ke kira durom: ƙwarya ce ta ƙarfe, takalma biyu a cikinta suna buɗewa su tokare bangonta. A wannan shekarar dai Frederick Lanchester na Birmingham ya yi rajistar fasahar birkin faifai. Nasa bai karɓu ba. Takalmansa na tagulla ne, suna ƙara mai ban haushi, ƙurar hanya kuma tana cinye su da wuri. Ganga a rufe take, ga arha, ga kamawa da ɗan ƙaramin ƙarfi. Sai ta mallaki duniyar mota har kusan shekara hamsin. Har gobe ita ce a jikin yawancin manyan motoci da Keke Napep da baburan haya.

Sai dai rufin da ke kare ganga daga ƙura shi ne yake tsare zafi a cikinta. Kuma idan ta yi zafi faɗaɗa take yi, bangonta ya guje wa takalma. Faifai a buɗe yake iska na dukansa, idan ya yi zafi kuma kauri yake ƙarawa, ya ƙara matsowa kusa da takalma. Jiragen sama ne suka fara cin moriyar wannan a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1949 wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Crosley ya gwada shi a motocinsa, amma gishirin da ake watsawa a tituna lokacin ƙanƙara da tsakuwa suka riƙa cije shi, ba a jima ba suka koma ganga.

Filin tsere ne ya raba gardama. Kamfanin Dunlop, wanda ke yi wa jirage birki, ya haɗa kai da Jaguar. A 1952 Stirling Moss ya ci tsere a Reims ta Faransa da Jaguar C-Type mai birkin faifai. Shekarar da ta biyo, a tseren awa 24 na Le Mans, motocin Jaguar suka zo na ɗaya da na biyu da na huɗu. Tony Rolt da Duncan Hamilton ne a gaba, da matsakaicin gudun kilomita 170 a awa, Moss kuma yana cikin ta biyu. Akwai motocin da suka fi su ƙarfin inji a wannan rana. Amma a filin akwai miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon kusan kilomita 6 wadda ke ƙarewa da kwana mai tsanani. Masu ganga dole su fara rage gudu tun daga nesa, su riƙa lallaɓa birki don kada ya mutu kafin gari ya waye. Masu faifai kuwa sai sun matso kusa suke takawa, zagaye bayan zagaye, dare da rana. Daga ranar kowa ya gane cewa birki ma kayan gudu ne.

A watan Oktoban 1955 Citroën ta baje DS a Paris, ta zama cikin motocin farko da aka ƙera da yawa don kasuwa da faifai a gaba. Nata faifan ma ba a cikin taya yake ba, can ciki yake kusa da akwatin giya. Peugeot 504 ta fito a 1968 da faifai a dukan ƙafafu huɗu a samfurinta na salun, abin da ba kasafai ake gani ba a motar iyali ta lokacin. Ka ga ke nan motocin da suka iso Kano a 1974 suka koma Munich a sahun gaba, jikokin abin da ya faru a Le Mans ne.

Me milimita ashirin za ta ƙara?

Yanzu mu dawo kan ma'aunin alƙali. Girman faifai yana ba da riba ta hanya uku.

Ta farko, tsawon hannu. Ka taɓa ganin bakanike yana fama da noti ya ƙi kwancewa, sai ya zura bututu a kan sifana ya ƙara mata tsawo? Ƙarfinsa bai ƙaru ba, nisan hannunsa daga notin ne ya ƙaru. Haka faifai yake. Idan ka tashi daga mai faɗin milimita 260 zuwa mai 300, ka ƙara kusan kashi 15 cikin 100 na ƙarfin riƙewa, alhali matsin bai canza ba.

Ta biyu, yawan ƙarfe. Ƙaramin kasko nan da nan yake ƙona ƙosai, babba kuwa yana ɗaukar wuta. Mu koma lissafinmu na ɗazu. Idan faifan nan mai kilo 5 ya zama mai kilo 7, tsayawa ɗaya daga gudun 150 za ta ɗaga zafinsa da kimanin digiri 110 maimakon 150 da wani abu.

Ta uku, hucewa. Faffaɗan faifai ya fi samun iska. Akwai kuma wanda aka yi shi bango biyu da ramuka a tsakani, yana juyawa yana zuƙo iska ta tsakiya yana fesar da ita ta gefe kamar fanka.

Amma ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. A tsayawa ɗaya, babban faifai ba lallai ya rage nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya ba. Taya ce ke riƙe ƙasa. Muddin birki zai iya ƙulle taya, to iyakar ta koma hannun roba da hanya. A kan burji ko yashi, ƙaramin faifai ma ya isa ya ƙulle taya. Ribar babban faifai tana fitowa ne a takawa ta ashirin da ta hamsin, lokacin da ƙaramin ya gaji shi kuwa yana nan daram. Direban da ya san birkinsa ba zai gaji ba, salon tuƙinsa gaba ɗaya canzawa yake yi.

Sannan faifai a cikin wili yake zaune, wilin ne ke yanke masa iyaka. Motocin rali na shekarun 1970 irin su Ford Escort da wili mai inci 13 suke tsere. Fijo 504 salun tana da inci 14, faifanta kuma bai wuce milimita 270 da ɗoriya ba. Manyan motocin gasar rali ta duniya na wannan zamani suna amfani da faifai mai milimita 300 cikin wili mai inci 15 a kan burji, a kan kwalta kuma mai 370 cikin wili mai inci 18. Wanda ya ce zai ƙara faifai, gobe zai nemi ƙara wili. Wili ya ja taya, taya ta ja sauyin ƙafafun mota. Kafin ka ankara, fenti da fitilu ne kawai suka rage na 1974.

Takardar haihuwar mota

Ta yaya alƙali zai san girman faifan da ya dace da motar da ta shekara hamsin? Nan ne wani tsohon tsari ya yi rana.

Hukumar da ke kula da tseren motoci a duniya ita ce FIA, wadda aka kafa a Paris a 1904. Tun shekarun 1950 take da wani sashe a kundin dokokinta da ake kira Rataye J, mai fayyace irin motar da za ta shiga kowane aji. Manufar ita ce a yi tsere da motocin da mutum zai iya saya a kasuwa. Don haka sai kamfani ya nuna ya ƙera adadi kaza. A farkon shekarun 1970, Rukuni na 1 yana buƙatar mota 5,000 cikin wata goma sha biyu, Rukuni na 2 mota 1,000, Rukuni na 4 kuma 500. Idan aka cika, sai a cike wa samfurin takardar amincewa mai shafuka da yawa, da hotuna da awo: nauyi, girman inji, giya, irin birki, faɗin faifai da kaurinsa, yawan fistan da ke matse shi.

Kamfanoni ba su zauna haka ba. Duk sanda suka ƙirƙiro wani abu mafi kyau, sai su nemi a ƙara shafi a takardar, kowane shafi da kwanan watansa. Saboda haka samfuri ɗaya yana iya zama da ƙaramin birki a 1972, ya sami babba a 1977. A lokacin, waɗannan takardu aikin ofis ne kawai na hana maguɗi. Ba wanda ya yi zaton za su zama kundin tarihi. Yau su ne hujjar da ake kafawa.

Rataye K

Da sha'awar tseren tsofaffin motoci ta bunƙasa, FIA ta ware masa nasa sashe, Rataye K. Ruhinsa a taƙaice shi ne mota ta yi tsere da siffar zamaninta, kada fasahar yau ta canza mata ƙarfi ko hali. An yanka tarihi zango-zango, kowanne da harafi. Misali F shi ne 1962 zuwa 1965, G1 1966 zuwa 1969, G2 1970 zuwa 1971, H1 1972 zuwa 1975, I kuma 1977 zuwa 1981. Motocin da suka zo Kano a 1974 a zangon H1 za su faɗa.

A ɓangaren birki ƙa'idar a fili take. Mota mai ganga a zamaninta ba za a mayar da ita mai faifai ba, sai an nuna an yi hakan bisa doka a wannan zango. Faifai mai ramukan iska da kalifa mai fistan da yawa ba sa halatta sai ga motar da ta same su a lokacinta. Girman faifai shi ne wanda ke cikin takardar amincewa, ko wanda dokar wancan zango ta yarda da shi. Nauyin kawo hujja kuma a kan mai mota yake. Idan ka ɗauko birkin da aka amince da shi a 1977 ka ɗaura wa motar da ka ce ta 1974 ce, ka fitar da ita daga zangonta, sai ta je ta kara da ƙannenta. Duk wannan ana rubuta shi a wani fasfo na mota mai hotuna, wanda hukumar tseren ƙasar mai motar ke bayarwa da amincewar FIA.

Akwai abubuwan da aka sake. Sinadarin takalman birki, mai mota ne ke zaɓa, an ma daina amfani da asbestos na da saboda yana jawo cutar huhu da daji. Man birki na zamani ya halatta. Kayan kare rai kuwa, irin su kejin ƙarfe na cikin mota, bel, hular kwano da na'urar kashe gobara, ba a ma yarda a tsaya a kan na da ba. Ba kowace gasa ce ke bin Rataye K kalma da kalma ba. Wasu ƙasashe da wasu gasanni, kamar tseren tsofaffin motoci na Safari da aka fara a Gabashin Afirka a 2003, suna da nasu dokokin. Amma tambayar da kowa ke amsawa ɗaya ce: a ina za a ja layi?

Gardamar da ba ta mutu ba

Masu sukar dokar suna da hujja mai nauyi. Sun ce tayoyin yau sun fi na da riƙe ƙasa, injinan da ake sake haɗawa yau sun fi na da lafiya, saboda haka tsohuwar mota a yau takan fi yadda take a zamaninta gudu. Ta yaya za a bar gudu ya ƙaru a ɗaure birki? Rai fa ake magana.

Masu kare dokar suka ce a tsere, ƙarin birki ba ya zama ajiya. Direba kashe shi yake yi nan take. Ka ba shi birkin da zai tsaya da wuri, sai ya jinkirta takawa, ya iso kwana da gudun da ya fi na da, a cikin jikin motar da aka ƙera tun kafin a san dabarun kariya na yau. Ranar da abu ya ƙwace, da babban gudu zai ƙwace. Duniyar rali ta taɓa ganin ƙarshen sakin linzami. A 1982 aka buɗe Rukunin B, inda mota 200 kawai ake buƙata, aka bar injiniyoyi suka yi yadda suka ga dama. A watan Maris na 1986 mota ta faɗa cikin 'yan kallo a Fotugal ta kashe mutum uku. Ranar 2 ga Mayu, Henri Toivonen da Sergio Cresto suka mutu a tsibirin Kosika. A ƙarshen shekarar aka rufe rukunin.

Akwai kuma batun kuɗi. Da an bar mutum ɗaya ya ƙara, dole kowa ya ƙara, gasa ta koma ta mai aljihu.

Ni a ganina hujja mafi ƙarfi ita ce ta tarihi. Gwanintar direbobin wancan zamani a cikin iyakokin motocinsu ta tsiro. Saboda birki yana gajiya ne suka koyi rage gudu da giya, suka koyi karkatar da mota ta shiga kwana a gicciye don tayoyi su goge gudun, suka koyi yi wa birki tattali kamar guzuri. Idan ka cire iyakar, wannan ilimi ba shi da sauran amfani, kuma abin da ba a amfani da shi mantawa ake yi. Gidan tarihi zai iya adana ƙarfen mota. Yadda ake tuƙa ta kuwa, sai a kan hanya, da birkin da ya san gajiya.

To, mu fa?

A 1975, shekara guda bayan ralin nan, masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci. A shekarar ce kuma 504 ta lashe Safari ta Kenya a hannun Ove Andersson, ta lashe ralin Maroko da na Bandama a Kodebuwa. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Duk wanda ya girma a hanyar Kano zuwa Gwarzo ya san ta: motar gwamnati, motar ango, motar haya mai cin mutum tara da buhuna a sama. Motar da Turawa ke nema da fitila a yau, mu a bayan gareji muke barin ta kaji na ƙwai a ciki.

Wani abin lura shi ne fasfon FIA ba shaidar asali ba ne. Ba ya cewa wannan ita ce motar da wane ya tuƙa. Abin da yake tabbatarwa shi ne siffarta ta dace da ta zangon da aka ce. A nan ne tamu Fijon za ta sha tambaya, domin mu tarihinmu na gyara daban ne. Bakanikenmu bai taɓa tambayar shekarar da aka amince da kalifa ba. Abin da ya samu a Ƙofar Ruwa, in ya shiga, shi ne daidai. Wannan hikima ce ta rayar da motocin nan shekara arba'in a kan hanyoyin da suka kashe waɗanda suka fi su tsada, kuma ita ma tarihi ce da ta cancanci a rubuta. Sai dai ba mu rubuta ba. An daɗe ana haɗa tseren motoci da bikin kamun kifi na Argungu, ga Agadas da ta sha karɓar ralin Paris zuwa Dakar tun daga na farko da ya tashi a ƙarshen 1978. Idan wata rana aka ce za a ware ajin tsofaffin motoci a ƙasar Hausa, tambayar farko ita ce wace siffa ce ta asali, ta Faransa ko ta Kaduna? Salun mai faifai huɗu, ko wagon da a-kori-kura masu ganga a baya? Masu amsar su ne tsofaffin kanikawa da tsofaffin ma'aikatan Kakuri, kuma kullum raguwa suke yi. Ɗalibin injiniya da ke neman abin bincike, ga shi nan a ƙofar gida: ma'auni, kyamarar waya, da littafin rubutu.

Ko ba ka da ruwa da tsere, lissafin nan naka ne. An auna faifan motarka ne da nauyin da kamfani ya ƙiyasta. Idan aka ƙara lodi ranar kasuwa, an ƙara zafin da zai sha. Idan aka bar shi ya cinye, ko aka yi ta fere shi a injin don ya yi sumul, an mayar da shi ƙaramin kasko. A jikin yawancin faifai akwai lamba da aka buga, mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai. Ran da aka kwance maka taya, ka ce a goge tsatsar a nuna maka ita, a kuma auna a gabanka. A riƙa canza man birki kamar bayan shekara biyu, kada a yarda a zuba ruwan sabulu a madadinsa, kada a watsa wa faifai mai zafi ruwa. In kuma tafiya ta kai ka gangara irin ta Hawan Kibo, ka yi yadda direbobin 1974 suke yi, ka sauko da giya, ka bar inji ya taya birki aiki.

Allah Ya kiyaye hanya.